Hanta Biyar, Ɗaya Ta Hajiya

Na shafe fiye da shekara talatin ina duban naman mutane a madubin likita mai ƙara girman abu, kuma a duk tsawon nan ban cika tunanin halin da masu naman suke ciki ba kafin in sa hannu a takarda. Sai da aka ɗebo hantar matata.

Ni ba irin likitan da ke zama da mara lafiya yana tambayarsa ina ke ciwo ba ne. Idan an yanke ƙari, ko an ɗebo ɗan nama da allura, ɗakinmu ake kawowa. A daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri kamar bawon albasa, kai har ya fi, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi mai tsawon yatsa, a rina, sannan a ajiye a gabana in faɗi abin da na gani. A Zariya na fara koyo, na ƙaro a Alƙahira, na yi aiki a Khartum da Jidda da wani ƙaramin gari a Jamus inda rana ke rowar fitowa. Daga ƙarshe na dawo gidan da aka haife ni a Ƙofar Dumi cikin Bauchi. Ko bayan na yi ritaya ban iya zama ba. Talata da Alhamis nakan leƙa ɗakin gwajin asibitin da na bari, in taya su rage abin da ya taru.

Hajiya ta bi ni duk waɗannan wurare ban da Jamus, ta ce labarin sanyin ma ya ishe ta. Mace ce mai jiki, kuma ni da ita mun daɗe muna ɗaukar jikin nan a matsayin shaidar zaman lafiya. A Khartum ta koyi shayin da cokali ke kusan tsayawa a ciki don sukari. A Jidda ta koyi shinkafar da ke ninƙaya a mai. Ni kuma ban taɓa dawowa daga tafiya ba tare da kwalin alawa ba. Ina faɗar wannan ne don kada a ce laifinta ne ita kaɗai.

Da ta fara kukan gajiya da wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, aka yi gwajin jini, aka ɗauki hoton ciki. Hanta ta tara kitse. Babu ƙwayar cutar hantar nan da ake ɗauka, sukarinta dai ya fara hawa. Likitan da ke duba ta, yaro mai kunya, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iya tambayar ko ta taɓa shan wani abu mai sa maye. A Jamus wannan ce tambayar farko, kafin ma a ce ka zauna. Hajiya ta dube shi ta ce, “Ɗana, zoɓo ne iyakata, shi ma sai da azumi.” Ya ce hoto da jini sun nuna kitsen, amma sun kasa faɗin iyakar ɓarnar da ya yi, gara a ɗebo kaɗan a duba.

Ranar da aka ɗebo, ta ce a nuna mata. Aka ɗaga mata ’yar kwalba, ga wani ɗan jan zare yana lilo a ciki, bai kai guntun taliya ba.

“Wannan ɗan abin ne zai ba da labarina?”

Na ce shi ne.

“To Allah ya sa ba magulmaci ba ne.”

Aikin gilashin yakan ɗauki kwanaki. Kafin a gama, labari ya zaga unguwa cewa Hajiya na da ciwon hanta. A wurin mutanenmu kuwa duk ciwon hanta shawara ne, maganin shawara kuma zaƙi. Yayarta ta zo daga Inkil da ɗaurin rake guda da kwalbar zuma. Maƙwabta suka kawo gwangwanin gulukos, wasu lemon kwalba. Na ga dubiya a ƙasashe da yawa. Bajamushe fure yake kawowa ya tsaya minti goma ya tafi, mutumin Masar yakan cika ɗaki da surutu da lemon zaƙi, amma ban ga inda mai dubiya ke zama sai ya ga ka sha abin da ya kawo ba kamar a garinmu. Hajiya kuwa ba ta iya kunyata baƙo. Kowa ya zo sai ta kurɓa a gabansa.

Na ce, “Hajiya, wannan fa shi ne yake zama kitsen.”

Ta ce, “To in ce wa Yaya ta mayar da rakenta Inkil? Kai je ka faɗa mata, Malam. Ka faɗa da Jamusanci, wataƙila ba za ta ji haushi ba.”

Bari in bayyana abin da nake jira, don a san me ya hana ni sakewa. Idan aka ajiye hanta mai kitse a madubi, abu uku muke fara aunawa. Na farko yawan kitsen, wanda ke fitowa kamar fararen ramuka a cikin jan nama: bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ko ya wuce, ko ya haura biyu cikin uku. Na biyu, ’yan tarin ƙwayoyin jini da ke taruwa inda ake faɗa, alamar kumburi. Na uku, ƙwayoyin hantar da suka kumbura suka yi fari kamar an hura su, alamar suna wahala. Kowanne da makinsa. Amma duk waɗannan labarin yau ne, suna iya sauyawa. Abin da ke faɗin gobe shi ne tabo. Akwai rinin da ke mayar da tabo shuɗi, sai ka gan shi kamar zare, kuma hawa huɗu gare shi. A hawa na ɗaya zaren siriri ne, yana kewaya ƙwayoyi nan da can. A na biyu ya bayyana a wuri biyu, tsakiya da bakin hanyoyin jini, amma kowanne yana wurinsa. A na uku zaren nan ya miƙa ya kama wancan, mukan ce ya yi gada. A na huɗu ya yi wa hantar shinge, ya yanka ta ƙulli-ƙulli, ta ƙandare. Wanda bai kai gada ba, idan ya rage jiki ya gyara ci, akwai kyakkyawan zaton hantarsa ta huce. Wanda ya kai, hanyarsa ta fi tsawo da hatsari, kuma ido ba zai sauka daga kansa ba har ƙarshen rayuwa. Tambayata ke nan: zaren Hajiya ya yi gada ko bai yi ba.

Wadda ke riƙe da ɗakin gwajin yanzu ɗalibata ce ta dā, ’yar kudancin jiharmu daga wajen Bogoro. Ta zo hannuna tana tsoron taɓa madubi, yau ga ta da furfura biyu-uku da ɗalibanta. Baba take ce mini. Ranar Alhamis na shiga ofishinta, muka gaisa, na tambayi maigidanta da yara da hidimar cocinsu, sannan na ce, kamar abin bai dame ni ba, “Na Mamanku ya fito?”

“Ya fito, Baba. Na duba tun jiya.”

“To miƙo in gani.”

“Ba zan miƙo ba.”

Na zauna. A Jamus shugabanmu yakan ɗauke tiren gilasai daga gabanka idan ya ji ko maƙwabcinka ne mai naman. A Alƙahira kuwa na ga malamina ya duba na ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ya rubuta mummunan sakamako da hannunsa, ya kunna taba. A Bauchi ba mu da zaɓi. Idan ka ce ba za ka duba na wanda ka sani ba, to ka rufe ɗakin, domin rabin sunayen da ke kan takardun ka ci tuwon sunan ’ya’yansu. Na faɗa mata haka.

Ta ce, “Na maƙwabci daban, na Mama daban. Ku zauna in faɗa muku abin da na gani, shi ke nan.”

“Ido na nake so ya gani. Gani ya kori ji.”

Ta juya biro a hannunta. Ta san ni. Ta san idan ta faɗa mini da baki zan yi ta zuwa ina roƙo har ta gaji. Ta ce in ba ta minti goma. Ta dawo da tire ɗauke da gilasai goma, biyu-biyu, ɗaya jan rini ɗaya shuɗi. Ta liƙe lambobinsu da filasta, ta rubuta ɗaya zuwa biyar a kai.

“Hanta biyar ce, Baba, duk masu kitse. Ɗaya ta Mama ce. Ku ba kowacce makinta a takardar nan. In kun gama sai mu haɗa da nawa.”

“Jarrabawa za ki yi mini?”

“Irin wadda kuka yi mini. Sai dai ni ba zan tsaya a bayanku ina tari ba.”

Ta fita ta ja ƙofa.

Na goge tabarau, na ɗora ta farko. Kitse kaɗan, nama lafiyayye, ja kamar na ɗan rago. Na daɗe a kanta fiye da yadda ya kamata, don ina so ta zama ita ce. Amma na ga hoton cikin Hajiya, na san kitsenta ya fi haka. Nan na kama kaina ina aikin da ba shi aka ba ni ba. Maimakon in duba abin da ke gabana, ina neman matata a cikin ramukan kitse, sai ka ce zan ga ɗan kunnenta.

Ta biyu da ta uku duk sun cika da kitse. Ta huɗu ko madubi ba ta buƙata, da na ɗaga gilashin a hasken taga na ga shuɗin shinge ya yanka ta ƙulli-ƙulli. Bakina ya riga ni, na ce Allah ka sa ba ita ba ce. Sai kunya ta kama ni, domin idan ba ita ba ce, to ta wani ce, kuma shi ma yana da mai jiransa a gida. Irin wannan gilashin na sa wa hannu ba adadi, in tashi in tafi cin abinci.

Ta biyar ita ta tsayar da ni. Kitse ya haura biyu cikin uku, ga kumburi jefi-jefi, ga ƙwayoyi masu fari nan da can. Na ɗora shuɗin. Zare a tsakiya, zare a bakin hanyoyi. Can gefen dama kuma ga wani shuɗi mai kauri ya taso daga nan ya miƙe har can, bai tsinke ba. Na rage girma, na ƙara, na juya gilashin. Yana nan. Na rubuta uku. Na koma kan ta ɗaya da ta biyu da ta uku, su ma sai na riƙa ganin zare yana miƙa hannu. Na gyara makinsu. Aikin da nakan gama kafin shayi ya huce, sai da ya ci mini fiye da sa’a.

Ta dawo da tata takardar, ta jera su gefe da gefe. Ta bi da yatsa daga sama har ƙasa, sai na ga tana danne dariya.

“Baba, a kitse da kumburi mun yi daidai. Amma a tabo kowa kun ƙara masa hawa ɗaya. Ta huɗu ce kawai ta tsira, ita ma don babu hawa na biyar.”

“Wataƙila ke ce kika rage.”

“Wataƙila. Ku zo mu gani.”

Akwai wani madubi mai kai biyu a ɗakin, mutum biyu suna duban abu ɗaya, da ’yar kibiya mai haske da malami ke nuna wa ɗalibi wuri. Shekaru ina zama a gefen da kibiyar take. Ran nan ta ja mini ɗaya kujerar. Ta ɗora shuɗin ta biyar, ta kai kibiya kan zaren nan mai kauri.

“Wannan ce gadarku?”

“Ita ce.”

“Ni ma jiya ta tsayar da ni. Sai na sa aka ƙara yanko mini daga can ƙasan kakin.”

Ta zaro wani gilashi daga aljihun farar rigarta ta ɗora. Wuri ɗaya ne, amma an ɗan nutsa ciki. Zaren ya buɗe. A tsakiyarsa ga jijiyar jini kwance a tsawonta, ga ɗan bututun ruwan maɗaciya yana bin gefenta. Ba tabo ba ne. Hanyar jini ce ta asali, irin wadda kowace hanta take da ita da shuɗin bangonta, wuƙa ce ta same ta a kwance maimakon a tsaye, sai ta yi kama da gada.

“Wa ya ce mini kada in kira abu gada sai na leƙa cikinsa na ga babu jijiya?”

Na ɗago kai daga madubin.

“Har kuka ce in rubuta a bangon littafina. Yana gida, in kawo?”

Na ce ba sai ta kawo ba. Muka bi ta ɗaya da ta biyu da ta uku, a kowacce ta nuna mini inda na ga abin da babu. Wanzami dai ba ya son jarfa. Da muka gama ta ɓare filastar ta biyar, ta tura mini gilashin da takardar asibiti. Lambar da ke kansu iri ɗaya ce. Ta Hajiya ce.

“Hawa biyu, Baba. Kitse ya yi yawa, hantar tana wahala, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba ta yi gada ba. Na tura hotunan wa wani abokin aiki a Jos ban faɗa masa ko ta wace ce ba, shi ma biyu ya ce.”

Na ce, don in nuna har yanzu ni ne malami, allura ɗan wuri kaɗan take ɗebowa, mai yiwuwa wani gefen ya fi haka.

“Mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma bai kai ba. Abin da ke kan gilashi muke rubutawa. Wannan ma ku kuka faɗa.” Ta miƙe tana tattara tire. “Ku gaida Mama. Ku ce mata ranar Asabar zan zo, kuma ba zan kawo lemo ba.”

Na fito ban hau babur ba, na taka da ƙafa har gida, ina amsa gaisuwar maƙera da masu shaguna ban san me nake cewa ba. Na tarar da Hajiya a tsakar gida bayan la’asar tana gyaran alayyahu. Ba ta ɗago ba.

“To, magulmacin ya yi magana?”

Na zauna a bakin tabarma na yi mata bayanin zare da gada, na ce nata bai haɗu ba. Idan ta rage jiki, ta bar zaƙi, ta riƙa tafiya, akwai kyakkyawan zato.

“Wa ya ce? Kai ko ’yar nan?”

“Ita.”

“Kai me ka ce?”

Da na so in ɓoye, amma shekara arba’in da aure ba ta bar mini wurin ɓuya ba. Na ba ta labarin tire da filasta da makin da na ƙara wa bayin Allah. Ta ajiye wuƙa ta yi dariya har da riƙe gefen da aka soka mata allura.

“Wato da kai aka bari, da yanzu ka kai ni gada ka tsallakar. Har da matan mutane! Malam, daga Masar har Jamus, ashe tsoro ka je ka karanto.” Ta share ido da bakin zane. Can ta ce, a hankali, “To na yarda, tunda ita ta faɗa.”

Ba da sauƙi abin ya tafi ba. Ta yi fushi da shayi mara sukari na kusan wata guda, tana kiransa ruwan wanke kofi. Tuwo ya koma rabin malmala, miya ta yi yawa. Da hantsi mukan fita tare, daga Ƙofar Dumi mu bi lungu har Ƙofar Wambai mu dawo, tafiyar da ba ta kai komai ba amma takan ci mana sa’a biyu, domin babu ƙofar da Hajiya za ta wuce ba ta tsaya gaisuwa ba. Da shekara ta kewayo jininta ya gyaru, sukari ya sauka, aka rage mata riguna. Likitanta ya ce in ana son a tabbatar da halin tabon sai an sake ɗebowa, amma ba dole ba ne. Ta ce ta ba da aron hantarta sau ɗaya, an kusa yi mata sharri, ba ta ƙarawa. Saboda haka ban san yadda zaren yake a yau ba. Abin da na sani, matakalar gidan ’yarmu da dā take hutawa sau biyu kafin ta kai sama, yanzu ita take jirana a can.

Wata ranar Juma’a Yaya ta zo daga Inkil. Ta daɗe tana kallon ƙanwarta, wuya ya fito, awarwaro yana zamewa. Ta aike ta ɗebo ruwa, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya.

“Likita, tsakanina da kai. In wani abu ya samu gidan nan ka faɗa mini, ba baƙuwa ba ce ni. Masara tana nan a rumbu, ko buhu biyu ne sai a kawo da magariba, ba wanda zai gani.”

Na fara yi mata bayanin kitse da hanta. Ta ɗaga hannu.

“Ni ban yi boko ba, amma na san yadda na ba ka ita.”

Hajiya ta fito da kofin ruwa, ashe ta ji komai.

“Yaya, bar shi. Abinci na nan, ni ce na ƙi ci. In ma za ki kawo, kawo mana zogale da kuɓewa.” Ta miƙa mata ruwan, ta harare ni. “Shi kuma ki yi masa faɗa ya riƙa ɗaga ƙafa. Kullum ni nake tsayawa jiransa a hanya, mutane suna cewa na auri tsoho.”